Filin Lafiyar Iyali: Sikanin Ya Nuna Ɗan Cikina Ya Yi Ƙanƙanta

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai shekara 24, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, kuma wannan shi ne cikina na biyu. Na yi sikanin na farko tun cikin yana da mako 11, aka ba ni ranar haihuwa. Makon jiya, da cikin ya cika mako 32 bisa wancan lissafi, na je wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa aka sake dubawa. Takardar ta nuna kan yaron na mako 32 ne, amma tumbinsa da ƙashin cinyarsa na mako 30 ne, nauyinsa kilo 1.6, kuma an rubuta sabuwar ranar haihuwa wadda ta ƙara mako guda a kan ta farko. Mai hoton bai yi mini bayani ba, ya dai ce yaron ƙarami ne, in riƙa cin abinci, sannan ya kira ta gaba. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Surukata ta ce cikin ne ya kwanta, kuma tana so a nemo mini magani na gida. Ɗana na fari an haife shi da kilo 2.7, kuma lafiyarsa ƙalau. Don Allah wace rana zan riƙe, kuma shin yaron yana cikin haɗari?

Daga wata mai karatu, Mabera.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya raba ku lafiya. Abin da ke cikin wannan takarda bai kai a yanke hukunci cewa ɗanki yana cikin haɗari ba, sai dai ya kai a sake dubawa cikin tsari, kuma zan yi miki bayanin dalilin kowanne.

Da farko ki sani cewa na'urar sikanin ba sikeli ba ce, ba ta taɓa ɗora ɗan tayi ta auna nauyinsa ba. Idan kin lura lokacin da kike kwance, bayan an shafa miki man nan mai sanyi a ciki, mai hoton yakan tsayar da hoton a allo, ya sa 'yar alama a gefe ɗaya na kan yaro, ya sa wata a ɗaya gefen, sannan ya zagaye kan da wani layi mai siffar ƙwai. Abubuwa huɗu yake aunawa, kuma su ne haruffan da kike gani a takardar: BPD faɗin kai ne daga gefe zuwa gefe, HC kewayen kai, AC kewayen tumbi, FL kuma tsawon ƙashin cinya. Daga waɗannan ne kwamfutar cikin na'urar take fitar da nauyin da aka rubuta a gaban EFW, ta hanyar wani lissafi wanda mafi shahararsa shi ne na wani likita ɗan Amurka mai suna Hadlock, da ya wallafa tare da abokan aikinsa a shekarar 1985. Aikin ya yi kama da na gogaggen dillali a Kasuwar Kara, wanda zai dafa gadon bayan rago, ya taɓa ƙirjinsa, ya ce zai ba da nama kilo kaza. Sau da yawa yakan yi kusa, amma sai an yanka an ɗora a sikeli ake sanin haƙiƙa. Ƙiyasin na'urar yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa, ko da a hannun ƙwararre. Saboda haka kilo 1.6 da aka rubuta miki yana iya zama 1.4, yana kuma iya zama 1.8.

Wannan "mako biyu" da ya hana ki barci, bari ki ga girmansa a zahiri. Ƙashin cinyar ɗan tayi na mako 30 da na mako 32 bambancinsu bai wuce milimita huɗu ko biyar ba, wato bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Idan mai hoton ya kama ƙashin a karkace, ko ya ajiye alamar ba daidai bakin ƙashin ba, makonni biyun sun tafi. Tumbi kuwa ya fi kowane wuri wuyar awo, domin ba ƙashi ba ne: yana lotsewa idan yaro ya naɗe jikinsa ko aka danna na'urar da ƙarfi, yana canza siffa idan yaron yana gwajin numfashi, kuma dole ne a yanko hoton daidai wurin da hanta da jakar abinci suke bayyana. Mai hoton da ke da layin mata ashirin a bakin ƙofa ba kullum yake jiran yaro ya gyara kwanciya ba. Amma ba zan ɓoye miki ɗaya fuskar ba. Tumbin nan shi ne wurin da ke fara nuna alama idan abinci ba ya isar ɗan tayi, domin hanta ce rumbun ajiyarsa, kuma idan abin ya yi ƙaranci jiki yakan fifita ƙwaƙwalwa, ya tura mata jini, ya bar hanta ta rame. Kai daidai, tumbi a baya, yana iya zama kuskuren awo, yana kuma iya zama farkon wannan yanayi, kuma hoto ɗaya ba ya iya raba su.

Game da ranar haihuwa, ki riƙe ta farko, ki manta da sabuwar. Makonnin da ake rubutawa a gaban kowane awo ba shekarun yaro suke faɗa ba, girmansa suke kwatantawa da na tsaka-tsakin yara. Idan aka ce tumbinsa na mako 30 ne, ana nufin ya yi daidai da tumbin matsakaicin yaro na mako 30, kamar yadda za a ce yaro ɗan shekara bakwai yana sa rigar ɗan shekara shida, alhali ranar haihuwarsa ba ta motsa ba. A watanni uku na farko 'yan tayi kusan tafiya ɗaya suke yi a girma, shi ya sa awon tsawon jiki da aka yi miki a mako 11 ba ya kaucewa da fiye da kwana biyar zuwa bakwai. Daga nan kowa yakan kama hanyar gidansu, wani dogo wani gajere, har ta kai idan aka nemi sanin kwanakin ciki da hoton watanni uku na ƙarshe, kuskuren yana iya kai mako uku. Na'urar tana buga sabuwar rana ne da kanta duk lokacin da aka yi awo, kuma aikin ma'aikacin lafiya ne ya yi watsi da ita. Matsar da ranar yana da illa ta gaske, domin yaron da ya ragu a girma sai a mai da shi yaro mai ƙarancin kwanaki, a ce ai komai daidai ne, matsalar ta ɓuya.

A nan kin yi abin da mata da yawa a wajenmu ba su samu yi ba. Wata kunyar cikin fari ce ke hana ta fita, wata jira take sai cikin ya fito, wata kuma ta je awo da wata shida ko bakwai ba ta tuna ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, sai dai ta ce bayan Sallar Layya ne ko cikin watan Azumi. Lissafin asibiti kwana 280 ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato mako 40, wanda ya kama kimanin wata tara da rabi a lissafin watan sama, kuma wannan rabin watan kaɗai ya isa ya jawo gardama tsakanin mai ciki da ungozoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun shekarar 2016 cewa kowace mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako 24, kuma babban dalilin shi ne a kafa lissafin da za a dogara da shi daga baya. Ke kina da wannan takarda, ki adana ta kamar yadda kike adana takardar gida.

Maganar kwanciyar ciki kuwa, ki gaya wa Inna cikin ladabi cewa ɗan tayi mai rai ba ya tsayawa ya yi barci na watanni sannan ya farka ya ci gaba. Abin da ake kira kwantaccen ciki, idan aka bincika, yakan zama kuskuren lissafi, ko cikin da ya lalace bai fita ba, ko ƙari a mahaifa, ko kuma yaron da girmansa ya ragu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da jiƙo ke warwarewa. Na san da kyakkyawar niyya take faɗa, kuma zai fi kyau ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba ta ji da kunnenta.

Yanzu ga yadda likita ke karanta nauyin. A ɗauka an jera 'yan tayi ɗari masu mako 32 daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Na tsakiyar layi yana kai kimanin kilo 1.8 zuwa 1.9. Goma na farkon layi su ake kira ƙanana a kan kwanakinsu, uku na farko kuma su ne aka fi sa wa ido. Kilo 1.6 yana kusa da wannan iyaka ta goma, kuma ko ya faɗa ciki ko ya tsallake ya danganta da jadawalin da aka loda wa na'urar. Akwai tsohon jadawalin Hadlock da aka gina a kan matan Amurka, akwai na wani babban bincike da Jami'ar Oxford ta jagoranta a ƙasashe takwas, har da Kenya, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 2014, akwai kuma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017. Yaro ɗaya yana iya zama ƙarami a wannan jadawali, ya zama daidai a wancan. Sannan da yawa daga cikin yaran da ke ƙasan layin goma lafiyarsu ƙalau, ƙanƙantar gado ce kawai, kuma ɗanki na fari da ya zo da kilo 2.7 yana nuna wataƙila ke mai haihuwar 'ya'ya marasa jiki ce. Wanda ake nema a gano shi ne yaron da Allah ya yi zai fi haka girma, amma mabiyiya ta gaza kai masa abinci da iska yadda ya kamata.

Hanyar raba su ita ce bibiya. Ki ɗauki takardun biyu ki kai asibitin da kike awo a wannan makon, kada ki jira ranar da aka ba ki. Za a sake sikanin bayan mako biyu zuwa uku, kuma kada ki yi gaggawar zuwa wani wuri gobe ko jibi don neman lamba mai daɗi, domin girman da yaro ke yi a cikin 'yan kwanaki bai kai kuskuren na'urar ba, sai ki ƙare da takardu huɗu masu saɓa wa juna. A wannan mataki yaro yakan ƙara kimanin giram 200 a mako, don haka bayan mako uku ana sa ran ganin bambanci a fili. Idan da hali a yi shi wuri ɗaya, da na'ura ɗaya. Ki tambaya a duba yawan ruwan da yaron ke ciki, domin yaron da jini ba ya isar ƙodarsa yakan rage fitsari, ruwan ya ja baya. Ki kuma tambayi awon da ake kira Dofila, wanda ke nuna yadda jini ke gudana a igiyar cibiya, kuma shi ne ya fi kowane awo faɗin gaskiyar halin mabiyiya. Ba kowane shagon hoto ke yin sa da kyau ba, shi ya sa ya fi dacewa a yi shi a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda likitan mata zai karanta sakamakon tare da ke. Kada kuma ki raina tef ɗin nan da ungozoma ke ja daga ƙashin mara zuwa saman ciki: daga mako 24 adadin santimita yakan yi daidai da adadin makonni, da bambancin biyu sama ko ƙasa.

Shawarar mai hoton ta cewa ki riƙa cin abinci ba ƙarya ba ce, amma ta yi gajarta ƙwarai, kuma tana sa uwa ta ɗora wa kanta laifin da ba nata ba. A ƙasarmu abubuwa uku nake fara nema kafin in tambayi abin da ke cikin kwano. Na farko zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙwayoyinsa ke taruwa a mabiyiya su hana ta aiki, sau da yawa ba tare da uwar ta ji ko ɗumin jiki ba, musamman cikin da ya ratsa damina zuwa kaka. Shi ya sa ake ba da ƙwayoyin rigakafi uku na Fansida a wurin awo tun daga mako 13, da tazarar aƙalla wata guda, kuma ana so a sha aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki duba katinki ki ga sau nawa kika sha, kuma ki kwana cikin gidan sauro ko da zafin Sakkwato ya kore ku zuwa tsakar gida. Na biyu ƙarancin jini, wanda ake ganewa idan awon jinin ya gaza 11, ko ɗaya awon yawan jinin da ake rubutawa PCV ya gaza 33, kuma maganinsa ƙwayar ƙarin jini kullum, ba tare da shayi ba domin shayi yana rage shigarta jiki. Idan kina da sikila, dole likita ya sani. Na uku hawan jinin masu ciki, wato awo ya kai 140 bisa 90, musamman idan an ga sinadarin furotin a fitsari. Wannan da raguwar girman yaro tushensu ɗaya ne a mabiyiya, kuma wani lokaci ƙanƙantar yaron ce ke riga hawan jinin bayyana. Bayan waɗannan sai abinci, kuma ba sai na kanti ba: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama gwargwadon hali, kwaɗon zogale, da fura da nono mai tsabta. Ki rage zama cikin hayaƙin itace a rufaffen madafi, kuma idan za ki kwanta ki kwanta a gefe, ba rigingine ba.

Akwai awo guda da ke kaɗai ke iya yin sa, shi ne motsin yaro. Kin san lokutan da ya saba motsawa, bayan cin abinci ko da dare idan gida ya yi shiru. Ranar da kika ji motsin ya ragu ko ya canza daga yadda kika sani, ki tafi asibiti a wannan ranar, ko da dare ne, kada a ce bari gari ya waye. Haka nan idan kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ko zazzaɓi.

Idan bibiya ta tabbatar girman ya ragu, babu allura ko ƙarin ruwa da ke ƙara wa ɗan tayi nauyi, kuma kwanciya a gado wuni guda ba a ga amfaninta ba. Abin da likita ke yi shi ne magance dalilin idan an same shi, da ƙara yawan dubawa, da zaɓen lokacin da zaman yaro a waje ya fi masa zaman ciki. Ga mafi yawan irin waɗannan yara lokacin yakan faɗo tsakanin mako 37 da 39, kuma da yawa ana haifar su ta hanyar da aka saba. Idan Dofila ya nuna dole a fito da shi kafin mako 34, ana yi wa uwa allurar da ke gaggauta ƙosawar huhunsa. Ko yaya sakamakon ya kasance, wannan haihuwar a asibiti za ki yi ta, ki kuma faɗa wa maigida tun yanzu domin a shirya abin hawa.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, barka da aiki. Iyalina tana da ciki mako 37, sikanin ya nuna yaron ya kai kilo 3.6, aka ce mata idan ya ƙara girma sai an yi mata aiki. Tun daga nan ta rage cin abinci, ba ta cin komai da dare. Wannan dabara ce mai kyau?

Daga wani magidanci, Tambuwal.

AMSA

Malam, ka roƙe ta ta koma cin abincinta. Yunwar mako biyu ko uku ba za ta rage ƙashin kan yaro ko faɗin kafaɗarsa ba, ita ce dai za ta shiga naƙuda ba ƙarfi. Ƙiyasin na'ura ya fi kaucewa a manyan yara da kuma ƙarshen ciki, lokacin da kai ya riga ya sauka cikin ƙugu yana wuyar aunawa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ce yaro ya kusa kilo huɗu ya fito da uku da ɗan kai. Ana kiran yaro babba ne daga kilo 4, kuma ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ba ta kawo maganar tiyata saboda girma kaɗai sai ƙiyasin ya kai kilo 5 ga wadda ba ta da ciwon sukari, ko 4.5 ga mai shi. Likitan da ya duba ta yana iya samun wani dalili, kamar tiyatar da aka taɓa yi mata, ko wahalar haihuwar baya, ko kwanciyar yaro, don haka ku tambaye shi kai tsaye mene ne dalilin. Abin da ya kamata a yi yanzu shi ne gwajin sukari idan ba a yi ba. Lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa za ta iya barin su, amma ban da tuwon dare. Idan kuma likita ya ce aikin ne mafita, kada a tsaya jiran taron dangi kafin a sa hannu.

TAMBAYA TA UKU

Likita, an yi mini sikanin sau huɗu a wannan cikin, maƙwabciyata ta ce hasken yana ƙona yaro. Gaskiya ne?

Daga wata mai karatu, Arkilla.

AMSA

Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa. Maƙwabciyarki ta haɗa shi ne da hoton ƙashi, wanda shi ne ake kauce wa ga mai ciki idan ba dole ba. Sikanin ba ya amfani da wannan haske, sauti ne wanda kunnen mutum ba ya iya ji ake turawa, ya bugi jikin yaro ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. Tun daga 1958, lokacin da wani likita na birnin Glasgow mai suna Ian Donald ya wallafa aikinsa, ake amfani da shi wajen duba mata, kuma ba a tabbatar da wata cuta da yake yi wa ɗan tayi ba idan an yi shi bisa ƙa'ida. Sau huɗu ba matsala ba ne idan likita ne ya nema. Wanda ba na goyon baya shi ne na zuwa shagon hoto kowane wata don ganin namiji ne ko mace, domin kuɗin motar da na hoton sun isa sayen ƙwayar ƙarin jini ta wata biyu.